Damƙi Uku na Ƙasar Fagge

Fagge, Kano
26 Nuwamba, 2023

Zuwa ga ɗan'uwana Kyari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni Khairiyya da maigidana da yara, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan alhamdu lillahi, sai jikin Kaka da ke tashi yana kwanciya. Ƙafafun sun kumbura, ta daina fitowa tsakar gida, amma bakin nan nata yana nan daram.

Ka ce in daina turo maka murya domin intanet ɗin jirginku ba ya ɗauka, wai in riƙa rubutawa. To ga shi na rubuta. Mutum ya bar ƙasa da faɗinta ya koma kan ruwa kamar agwagwa, sannan ya zo yana kafa wa mutane doka. Kakanka Bukar ƙanen Kaka ne, wasan da ke tsakanin iyayenmu ya gangaro kanmu, saboda haka ba ka da damar yin fushi.

Maganar da ta sa na zauna rubutu ita ce ta ƙullin nan. Tun da ka ce a wannan tafiyar jirginku zai ɗauki kaya daga Sin zuwa Turai ta Bahar Maliya, Kaka ba ta da wata hira. Ka san labarin, amma ta ce in sake faɗa maka don kada aiki ya sa ka ɗauke shi da sauƙi. Ga maganarta yadda ta faɗa:

“Ki gaya masa ina shekara goma mahaifina Malam Fannami ya fita daga zauren gidan nan da ƙafa zai tafi Makka. Bukar yana goye a lokacin. Shekara biyu yana hanya, yana tsayawa yana noma yana ƙara gaba, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa. Zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar ruwa, ana hango duwatsun Jidda ya cika. Aka yi masa salla aka saka shi a ruwa. Duk wanda ya mutu a Fagge, ’ya’yansa maza suna zuba masa ƙasa damƙi uku. Shi babu wanda ya zuba masa ko ƙwaya ɗaya. Bukar ya tafi, uban Kyari ya tafi, Kyari kaɗai ya rage namiji a tsatson. In ya zo daidai wurin, ya kwance ƙullin ya zuba, ya yi masa sallama. Ina so in ji an yi kafin in bi shi.”

Ka tuna dai da hannunta ta ɗebi ƙasar a bakin rijiya, wurin da shi kaɗai ne bai sha siminti ba a duk gidan. Ina fata ba ka jefa ta cikin takalman aiki ba.

Wani abu kuma. Alhaji Tajudeen, maƙwabcin shagona a Kantin Kwari, ya saka mini manhajar da suke bin sawun kwantena da ita. Na sa sunan jirginku, sai ga ka ɗan ɗigo a kan shuɗi. Na karɓo taswirar duniya ta makarantar ɗiyata Mahbuba na manna a bangon ɗakin Kaka. Kullum bayan sallar asuba sai in duba waya, in ɗiga biro a taswira, in auna da tef ɗina na awon yadi. Rabin inci da ɗoriya kuke ci a rana, ba ƙari ba ragi. Kaka ba ta shan koko sai ta ji inda ka kwana.

Tana da tambaya, kuma ta ce kada ka amsa mata da wasa. Ta ce ko kogi yana da sarkin ruwa, ko unguwa tana da mai unguwa. To wannan ruwa da ya fi ƙasa girma, na wane ne? Wa kuke gaisarwa kafin ku shiga?

Allah ya tsare hanya.

’Yar’uwarka,
Khairiyya

*

Tekun Indiya
9 Disamba, 2023

Yaya Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Ki gaishe da Kaka da jiki, ki gaishe da maigida da su Mahbuba. Agwagwa tana gaishe da mai auna teku da tef. Ƙullin yana cikin akwatina, naɗe cikin hular sallata, ban taɓa barin sa ya ji danshi ba.

Tambayar Kaka ta fi ƙarfin wasa. Ni ne mai zana hanyar jirgi a taswira, shekara tara ke nan, kuma har yau ina yi wa kaina ita. Ki karanta mata a hankali.

A takarda, tsakiyar teku ba ta kowa ba ce. Kowace ƙasa tana da ɗan ruwan bakin gaɓarta, sauran kuwa na duk wanda ya iya shiga ne. Amma teku tana da ƙofofi, Kaka, kamar yadda birni yake da su. Shekaranjiya muka fito daga ɗaya, sunanta Malaka. Kwana da kwanaki ba ka ganin komai sai ruwa da sama, sai kawai ƙasa ta matso ta dama ta matso ta hagu, jiragen duniya duka su taru a layi ɗaya. Na tsaya ina ƙirgawa har na gaji. Na mai, na hatsi, na motoci, na kwantena irin namu. Kamar cunkoson mahaɗar Bata da yamma ne, sai dai kowace adaidaita sahu ta kai tsawon layinku na Kwari daga farko har ƙarshe, kuma babu mai yin ham. Man da ƙasar Sin take sha, mafi yawansa ta wannan ƙofa yake bi. Wanda ya iya rufe ta, ya kama maƙogwaron mutane fiye da biliyan ba tare da ya taka ƙasarsu ba. Sun san haka, shi ya sa suke ƙera jiragen yaƙi ba dare ba rana.

Kafin mu shiga ƙofar na ga abin da ban taɓa gani kusa haka ba. Da hantsi ne, ina kan aiki. Na fara ɗauka tsibiri ne da ba ya cikin taswirata. Da na sa madubin hangen nesa sai na ga yana tafiya. Jirgin yaƙin Amurka ne, irin mai ɗauke da jiragen sama a bayansa. Launin toka, shiru, babu kwantena ko ɗaya, samansa a shimfiɗe kamar filin Idi. An ce mutum wajen dubu biyar ne a ciki, da asibitinsu da gidan burodinsu. Ƙanana huɗu suna kewaye da shi, kuma kyaftin ɗinmu ya ce akwai wanda ba ma gani a ƙarƙashin ruwa. Ina kallo wani jirgin sama ya tashi daga kansa. Sai da ya ɓace sannan ƙarar ta iso, ta kaɗa kofin shayin da ke hannuna. Wallahi na ji tsoro, kuma na kasa ɗauke ido. Suka kira mu a rediyo cikin ladabi suka ce mu ɗan karkata. Muka karkata.

Abokin aikina Tochukwu, injiniyanmu, yana tsaye kusa da ni. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa. Ya ce, “Kyari, daga nan zuwa gidan mutanen nan tafiyar sati uku ce. Me suka zo nema?” Na ce abin da suke nema ke nan, kada faɗa ya taɓa zuwa ƙofar gidansu. Sojan ƙasa in zai je yaƙi sai ya roƙi maƙwabta hanya, wannan ya yarda wancan ya ƙi. Jirgi ba ya roƙon kowa. Ruwan duniya duka guda ɗaya ne, babu katanga a tsakani, sunaye ne kawai mutane suka raba masa. Wanda ya fito daga bakin gaɓar Amurka zai iya zuwa Jidda ko Legas ko Sin bai taka ƙasar kowa ba. Saboda haka amsar Kaka ita ce, ruwa na Allah ne, amma ƙofofin suna hannun masu irin wannan jirgi. Ba ma gaishe su, amma in sun ce a karkata, ana karkatawa.

Yanzu mun doshi ƙofa ta biyu, Babul Mandab, wadda ake shiga Bahar Maliya ta cikinta. Akwai ɗan labari mara daɗi. Masu riƙe da wani yanki na Yaman sun fara harbin jiragen kaya a wurin saboda yaƙin Gaza. Kamfani bai ce komai ba tukuna, hanyarmu tana nan yadda na zana ta. Wannan ɓangaren ke kaɗai na rubuta wa, ba sai kin karanta mata ba.

Naki,
Kyari

*

Fagge
Juma’a, 22 Disamba, 2023

Kyari ɗan albarka,

Sallama da gaisuwa. Duk muna lafiya, Kaka kuwa yau ta fi kowa lafiya a gidan nan. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka masu yi maka. Na san ba ka samu sukunin rubutu ba, to ni bari in ba ka labarin abin da ka jawo.

Da farko dai sai da ka tsinka mini zuciya. Ran Lahadi na duba waya, ɗigonka ya tsaya cik a bakin wannan lungu da ke kaiwa ƙofar. Litinin yana nan, Talata yana nan. Na rufe shago na sami Alhaji Tajudeen. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, haka take yi. Ni kwantenata ta taɓa yin kwana shida a tsaye a waya, ashe har ta iso Legas. Jirgi ba adaidaita ba ne da zai faka.” Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na hau adaidaita har Sabon Gari na nemo shagon mahaifiyar Tochukwu. Mace mai kirki. Ta ce ita ma ba ta ji daga gare shi ba, amma shekara goma sha biyu ɗanta yana ruwa, ta koyi cewa in babu labari to lafiya ce.

Sai na dawo na yi abin da na iya. Wata guda ina auna ka, ba ka taɓa saɓa rabin inci da ɗoriya ba. Na ɗora tef daga inda ɗigon ya tsaya, na bi ta ƙofar, na haura har tsakanin Sawakin da Jidda. Kwana biyar cif. Ya faɗo ran Juma’a. Ban gaya wa Kaka waya ta tsaya ba, me zai sa in ɗaga mata hankali a kan abin da ba komai ba? Kullum na ci gaba da ɗiga mata biro. Jiya na ce mata, “Kaka, gobe ne.”

Kyari, da ka ga gidan nan yau. Tun safe aka daka gumba, aka soya ƙosai, aka sayo goro da dabino. Ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura farin zanenta, aka turara ɗakin da turaren wutan da take ɓoyo tun bikina. Bayan an sauko daga masallaci liman ya zo da mutane, zaure ya cika har waje. ’Yan layinmu na Kwari sun zo, Alhaji Tajudeen ya zo da matarsa, har mahaifiyar Tochukwu ta zo ta zauna cikin mata. Aka yi wa Malam Fannami addu’a da sunansa. Ta sa aka fito da ita tsakar gida a kan kujera, rabonta da waje wata biyu. Mutane suna durƙusawa suna cewa, “Kaka, ya haƙuri?” tana amsawa, “Haƙuri sai ma’aiki,” hawaye yana zuba. Ta ce mini lokacin da labarin ya zo tana yarinya, babu wanda ya yi mata gaisuwa, manya aka yi wa. Yau ce ranar farko, bayan shekara saba’in.

Da yamma ta cinye tuwonta tas. Ta ce, “Yau na sauke.” Ni kaina na yi kuka, kuma ka san ni ba mai arhar hawaye ba ce.

Ka rubuto da zarar ka samu hanya. Tana so ta ji komai, launin ruwan, da ko ana hango duwatsun, da abin da ka ce.

Khairiyya

*

Gabas da Afirka
27 Disamba, 2023

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, dukanmu lafiya, babu abin da ya taɓa jirginmu. Na fara da wannan don ki samu ki zauna kafin ki karanta sauran. Yau da safe aka buɗe mana intanet, wasiƙarki ta shigo. Na karanta ta sau uku, na kasa karyawa.

Ba mu shiga Bahar Maliya ba. Ƙullin yana cikin hulata yadda yake.

Ba wayarki ce ta tsaya ba, mu ne. Ran Lahadin nan kyaftin ya sa na kashe na’urar da ke sanar da duniya inda muke, domin masu harbin ma da ita suke gane jirage. Da hannuna na kashe ta. Aka rufe intanet, aka ce kowa ya ajiye waya. Muka ja baya daga hanya muka rage wuta, muna jiran umarnin kamfani. Alhaji Tajudeen ya yi gaskiya, jirgi ba ya fakawa. A shekara tara ban taɓa gani ba sai wannan karon. Kwana biyar muna shawagi wuri ɗaya, ke kina can kina ɗiga biro.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk inda na juya madubi jirage ne a tsaye, manya-manya, da kayan Kirsimetin mutane da magani da shinkafa, kowa ya yi tsit. A rediyo kuwa sai muryoyin jiragen yaƙi. Ba’amurke ya yi magana, Bafaranshe ya yi, na Birtaniya, na Indiya, can kuma na Sin yana kiran jiragen ƙasarsa. A bakin ƙofar akwai wata ’yar ƙasa, Jibuti, mutanenta ba su kai na birnin Kano ba, amma Amurka da Faransa da Sin da Japan duk suna da sansanin soja a cikinta, kusan katanga ɗaya. Ba sa ga maciji da juna, amma kowa yana tsoron ya tashi ya bar wa ɗaya ƙofar.

Ran Laraba da safe na ga aikinsu. Wani jirgin yaƙi yana can nesa da mu, ɗan siriri, ba za ka ce zai iya komai ba. Sai wuta ta tashi daga gabansa, farin hayaƙi ya miƙe sama kamar an ja zare, ya lanƙwasa. Can ƙololuwa wani abu ya yi walƙiya ya watse. Kafin in ce innalillahi an gama. Abin da ya taso daga tudu domin ya kashe mutane, an tare shi a sama, daga kan ruwa mai motsi. Tochukwu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai san ya yi ba. Na yi mamakin abin da Allah ya bar ɗan Adam ya ƙera. Na ƙara mamaki da na ga duk wannan ƙarfi bai isa ya sa ƙofar ta zama lafiya ba. Masu jiragen da suka fi unguwa girma suna tsaye, mutanen da ke kan duwatsu da makamai masu araha sun hana duniya wucewa.

Ran Juma’a, daidai lokacin da kuke raba gumba, saƙon kamfani ya zo. A juya kudu, a zagaye Afirka gaba ɗaya, ƙarin kwana goma. Ni na zana sabuwar hanyar. Na je na sami kyaftin na gaya masa labarin ƙullin, ban san me nake so ya yi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce yana da rai ashirin da uku a wuyansa. Gaskiyarsa ce. Saura tafiyar kwana biyar, Yaya. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar Baba.

Ban ga laifinki ba, awonki daidai ne, da mun tafi da ran Juma’ar za mu isa. Amma yanzu ya za mu yi? Babu wanda ya san ranar da ƙofar za ta buɗe, wata ne ko shekara. Zuciyata ɗaya tana cewa mu bar ta da farin cikinta, in rubuto mata launin ruwan da duwatsun, ai na sha wucewa ta wurin kafin a ba ni ƙullin, na san su. Ɗayar tana cewa ƙarya a kan mamaci ba abin yi ba ne. Ke ce a kusa da ita. Abin da kika yanke shi zan bi.

Kyari

*

Fagge
30 Disamba, 2023

Kyari,

Sallama. Alhamdu lillahi da kuke raye, wannan ya fi komai. Jikin Kaka ya ɗan sauka, numfashin yana yi mata nauyi.

Na gaya mata. Kwana biyu ina yawo da wasiƙarka a jaka, na auna wa wata mata yadi biyar na yanka huɗu, abin da ban taɓa yi ba. Kunya ta ishe ni. Ni na tara Fagge da Kwari da Sabon Gari a kan awon tef, kamar teku bandir ɗin shadda ce. Na so in bi shawararka ta farko, wallahi na so. Amma jiya da safe ta ce, “Ina ya kwana?” na ɗauki biro, hannuna ya ƙi. Na durƙusa na faɗa mata duka, har da ɓoye mata da na yi.

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta ce, “Gumbar dai an ci?” Na ce an ci. “Addu’ar an yi?” Na ce an yi. Ta ce, “To wannan ya isa inda za shi, ba ya bin ta ƙofar kowa. Tashi, kin cika gaggawa tun kina yarinya.”

Sannan ta ce in ɗauko wasiƙarka ta farko in sake karanta mata wurin babban jirgin nan. Na karanta. Da na zo inda ka ce ruwan duniya guda ɗaya ne, babu katanga, ta ɗaga hannu. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce:

“Wato shi ya sa suke wahalar ƙera waɗannan abubuwa. Sun gane wanda ya shiga ruwa a ƙofar gidansa ya shiga ko’ina. Ikon Allah. Shekara saba’in ina ganin mahaifina yana wani lungu can shi kaɗai, ashe yana kwance a abin da ya taɓa kowace ƙasa. To in su ruwa yana kai musu wuta inda suke so, ni ba zai kai mini ƙasa ba? Ki gaya wa Kyari ya zuba damƙi biyu a inda yake. Na ukun ya riƙe. Wannan na wurin ne, sai ranar da masu ƙofa suka gaji.”

Ka ji saƙo. Ka yi shi da wuri, Kyari, kada ka jira wuri mai kyau. Na ga ɗigonka ya dawo, amma na daina aunawa, inda waya ta ce nan nake ɗigawa.

Khairiyya

*

Ƙarshen Afirka ta kudu
3 Janairu, 2024

Zuwa ga Kaka, ta hannun Yaya Khairiyya,

Kaka, ina gaisuwa, ina yi miki sannu da jiki. Jiya Talata bayan la’asar na cika aikenki.

Mun zo daidai inda ƙasar Afirka ta ƙare. Daga nan babu sauran tudu sai ƙanƙarar ƙarshen duniya. A nan tekun gabas da na yamma suke haɗuwa, kuma na duba da kyau, Kaka, babu layi, babu alama, ruwa ne kawai ya shiga ruwa. Igiyoyin suna tasowa kamar gidan sama mai hawa biyu, ba sa fashewa, sai su ɗaga jirginmu da duk nauyinsa su sauke a hankali. Launin ruwan shuɗi ne mai duhu, irin na baƙin rini. Wasu fararen tsuntsaye masu dogon fiffike suna bin mu, ba sa ko kaɗa shi. A nan babu jirgin yaƙi ko ɗaya. Wurin ya fi ƙarfin a tsare shi.

Na yi alwala na sa hulata. Kyaftin da kansa ya rage gudun jirgi na minti goma, abin da ban roƙe shi ba. Tochukwu ya raka ni bayan jirgi ya riƙe mini rigata ta baya saboda iska. Na fuskanci alƙibla na kwance ƙullin. Ƙasar tana nan da jan launinta, har da ƙanshin bakin rijiyar. Na ce, “Assalamu alaika Malam Fannami. Ni ne Kyari ɗan Modu ɗan Bukar, wanda ka bari a goye. ’Yarka ce ta aiko ni.” Na zuba na farko, na zuba na biyu. Ta yi ɗan ja a kan kumfa, sannan ruwa ya karɓe. Na yi masa addu’a, na yi kuka, Tochukwu ya ce amin.

Ba zan ɓoye miki ba, tunda aikina ne sanin ruwa. Igiyar wannan wuri ba arewa take yi kai tsaye ba. Sai ta yi gabas ta zagaya mai nisa kafin wani sashenta ya koma wajen Bahar Maliya. Zai iya ɗaukar shekaru.

Na ukun na ƙulle shi na mayar cikin hula.

Jikanki,
Kyari

*

Fagge
12 Janairu, 2024

Ɗan’uwana Kyari,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji’un. Kaka ta rasu jiya Alhamis da hantsi, an kai ta bayan azahar. Ba ta sha wahala ba. Ina yi maka gaisuwa, kai ma ka yi mini.

Wasiƙarka ta same ta da hankalinta. Sau huɗu na karanta mata a kwanakin nan. Wurin tsuntsayen take so, da wurin da ka faɗi sunanka. Da na zo inda ka ce zai ɗauki shekaru, na so in tsallake, ta gane. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, “Shi ma da ƙafa ya je, yana tsayawa yana noma. Ƙasar gidansu ce, ta san irin tafiyar.”

Jiya da asuba ta tambayi inda ka kwana. Na duba, kuna can cikin teku daidai saitin Najeriya, kun doshi arewa. Na ce mata, “Ga shi nan yana wuce mu.” Ta ce a gaishe ka.

Mutane sun yi yawa ƙwarai. Maigidana ya ce layin masu zuba ƙasa sai da aka riƙa ba juna hanya.

Akwai saƙo na ƙarshe, tun ran Litinin ta ba ni, ta sa na rantse zan faɗa maka yadda ta faɗa. Ta ce ta san halinka. In ka dawo ka ga kabarinta, zuciyarka za ta ce ka kwance ƙullin ka zuba mata na ukun, tunda ba ka samu jana’iza ba. Ta ce kada ka kuskura. “Ni ina da Fagge gaba ɗaya. Mahaifina kuwa, wannan ɗayan kaɗai ya rage masa.”

Taswirar tana nan a bango, ban cire ba. Na zagaye ƙofar da jan biro. Duk ranar da ka ji an buɗe, ka nemi jirgin da zai bi ta can, ko ba naku ba ne. In kun kashe na’urarku zan jira, ba zan auna ba, sai ka rubuto da hannunka ka ce an zuba.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Malam Fannami, ya dawo mana da kai lafiya.

’Yar’uwarka,
Khairiyya